Kiran da Malam Bai Amsa Ba

A Kartum na fara gane cewa Turancin da na yi shekaru ina koya a makarantar 'yan mata ta Kano ba zai sayo mini ko albasa ba. Mun iso garin ne bayan watanni a kan hanya, ni da maigidana, daga wannan lori zuwa waccan, Maiduguri, Farlami, Janaina, har ƙafafuna suka kumbura, zanen da na bar Kwanar Dangora da shi ya koma tsumma. Shi ɗan gidan malamai ne a Ba'awa ta ƙasar Kiru, Alƙahira ya nufa neman ilimi. Ni kuwa 'yar magatakardan ma'aikatar kuza ce a Riruwai. Dangi sun ce ya bar ni wurin mahaifiyarsa. Ya ce a'a, tunda 'yar boko ya aura, gara ta je ta ga duniyar da take karantawa a littafi.

Malam zan kira shi a wannan rubutu, kamar yadda nake kiransa a gida. Duk wadda ta tashi a ƙasarmu ta san dalili. Mace ba ta kama sunan mijinta, ko a gabansa ko a bayan idonsa, kuma boko bai kankare mini wannan ba.

A tashar Kartum wani dillali mai zaƙin baki ya karɓi kuɗinmu ya ce ya samar mana wuri mai kyau a jirgin ƙasa. Da jirgin ya zo, ashe taragon awaki ne. Na yi ta kuka, Malam yana ta dariya, wai ai awakin ma masu neman ilimi ne. Wata tsohuwa 'yar Sudan da aka cuta kamar mu ta gutsuro mana gurasa da albasa, ta juya mana baya don kada mu ji nauyin ci.

A cikin saharar da ke gaban nan wani ɗan abu ya faru wanda ban ɗauke shi komai ba a lokacin. Jirgin ya lalace da tsakar rana, babu gida babu itace, sai rairayi. Muna zaune a inuwar tarago na ji kamar an ce "Asabe" daga bayan wani tudu. Na buɗe baki zan amsa, Malam ya riƙe mini hannu.

"Kin ga mai kiran?"

Na ce ban gani ba.

"Inna takan ce ba a amsa kiran da ba a ga mai yin sa ba. Wai wanda ya amsa, ya tafi ke nan." Sai ya yi murmushi. "Camfi ne, babu shi a littafi. Iska ce kawai."

Ya ce camfi ne, amma bai saki hannuna ba sai da jirgin ya tashi.

A Alƙahira muka kama ɗan ɗaki a kan soron wani bene, kusa da inda mata ke shanya. Malam ya shiga karatu a babban masallacin garin. Ni kuwa ina ɗaki, ina koyon Larabcin titi daga bakin masu talla, ina cin wake kullum har na tsani ganinsa. Kewar gida ta riƙa zuwa mini ta hanci. Sai in ji ƙamshin daddawa a inda babu daddawa, in rufe ido in ga duwatsun Riruwai bayan an ɗauke ruwa.

Wata rana a bakin masallaci na ji an ce, "Gyaɗa marau-marau!" da Hausa tsantsa. Na tsaya cak. Wata tsohuwa ce baƙa, siririya, da tire a gabanta. Sunanta Inna Gambo, mutuniyar Bebeji. Ta fito aikin hajji da mijinta tun tana da ƙuruciya, ya rasu a hanya, ita kuma hanya ta ajiye ta a nan. Takan yi tallar da Hausa jefi-jefi, wai ko Allah zai sa wani ya waiwayo.

"Daga ina, 'yar nan?"

"Riruwai, Inna. Amma a Kiru nake aure."

"Kiru? To ai ke 'yar ɗakina ce. Zauna. Har yanzu mutanen Kiru suna da rowar nan tasu?"

Tun daga ranar na samu uwa.

Abin da ake ba ɗalibai bai isa mutum biyu ba. Da Malam ya ji wani Bahaushe mai sayar wa jiragen ruwa kaya a Bur Sa'id yana neman mai rubutun Larabci na ɗan lokaci, sai ya ce zai je ya dawo kafin karatu ya yi nisa. Bur Sa'id kuwa ita ce garin da ke bakin mashigin ruwan nan da aka yi ta cece-kuce a kansa a rediyo. Ya tafi da 'yar jakarsa da butarsa. Bai daɗe da tafiya ba yaƙi ya ɓarke.

Ban san yadda zan kwatanta jiniyar nan ga wanda bai taɓa jin ta ba. Takan fara ƙasa-ƙasa kamar kukan saniya, ta yi ta hawa har ka ji ta a cikin haƙoranka. An shafe tagogi da shuɗin fenti, an hana kunna fitila. Jirage suka zubar da bom a filayen jiragen sama na bayan gari, soron da nake ya riƙa rawa. Sai labari ya zo cewa sojojin laima sun sauka a Bur Sa'id, an ƙone unguwannin talakawa. Kuma masu wannan aiki, Turawan Faransa ne da na Ingila, dangin matan da suka koya mini ɗinki da lissafi suna shafa mini kai.

Mai gidan da muke haya ya taɓa ganin fasfo ɗinmu da tambarin Ingila a jiki. Ya hawo soro da kansa, ya tsaya nesa da ni kamar mai cuta, ya ce ba zai ajiye 'yar Ingliz a gidansa ba. Na ce masa ni baƙar mace ce daga Kano, mijina yana cikin waɗanda ake jefa wa bom. Ya ce in tattara. Ya riƙe tabarmarmu da tukunyarmu. Na ɗauki littattafan Malam a ka na tafi wurin Inna Gambo, ta matsa mini a shimfiɗarta ba ta tambaye ni komai ba.

Aka ce an tsagaita wuta, amma sojojin suna zaune a cikin garin, ba shiga ba fita. Mutanen da suka tsira sun tsallake wani babban tafki a kwale-kwale, aka rarraba su a makarantu da masallatan garuruwan karkara. Na bi ofis-ofis da sunan Malam a rubuce a 'yar takarda. Duk wanda na miƙa wa sai ya ɗaga kafaɗa, domin suna ne da rabin mazan Masar ke amsawa.

Wata budurwa mai suna Samira, mai sayen gyaɗa a wurin Inna, ita ta shigo da ni cikin 'yan wasan kwaikwayo. Ta ga ina gyara wa Inna riga, ta ɗaga ɗinkin ta duba, ta ce suna neman mai ɗinki. Ɗalibai ne da malaman makaranta, shugabansu wani dogon malami mai tari, Ustaz Hilmi. Sun samu lori, suna bin garuruwa suna wasa don a taimaki 'yan gudun hijira.

Da farko abin ya ba ni haushi. Wasan da na sani shi ne wanda muke yi a makaranta bayan katanga, babu namiji ko ɗaya, sai kuma tashen yara da azumi. Na ce wa Inna, waɗanne irin mutane ne waɗannan, gawa ba ta gama shiga ƙasa ba suna wasa?

Inna ta ce, "Ina lorin take zuwa?"

Na ce inda aka ajiye mutanen Bur Sa'id.

"To ke da Allah ya aiko wa mota har ƙofar ɗaki, me ya dame ki da abin da ake yi a bayanta? Tashi. Ni ma zan bi ku, ba zan bar matar aure cikin samarin Masar ba. Sai in riƙa dafa musu shayi."

Haka muka shiga hanya. Aikina shi ne ɗinke abin da ya yage, da yanka tsofaffin jajayen hulunan dara ina mayar da su hulunan sojojin laima. Da la'asar ake wasa, saboda dole a watse kafin duhu. Bayan lorin shi ne dandamali, a sauke gefensa, a rataya bargo a matsayin labule. Labarin gidan wani masunci ne, da matarsa da 'yarsa, suna cin abinci jirage suka zo. Samari biyu a bayan labule suna girgiza kwanon rufi, shi ne ƙarar bom. Ranar farko da na ji, sai da na tsinci kaina a ƙarƙashin lori, Inna tana jan ƙafata.

Wani mai ƙiba, Fu'ad, shi ne hafsan Ingila. An shafa masa gari a fuska, ga bindigar katako. Da suka gano na yi makarantar Turawa sai ya manne mini, wai in koya masa yadda suke ɗaga hanci. Na koya masa tafiyar shugabar makarantarmu, da yadda take cewa a yi shiru. Ya iya har ya wuce misali. Duk garin da muka je sai an jefe shi da takalma. Yakan sauko yana shafa ƙeya. Sitt yake ce mini, wato uwargida a Larabcinsu.

"Ya Sitt Asabe, ki rage mini iyawa. Jiya wata tsohuwa da takalmin katako ta same ni."

Samira ta ce, "Ka gode wa Allah. Takalman da ake jifan ka da su mun ba marasa takalmi. Kai kaɗai ka fi mu duka tara kaya."

Ban daina ganin abin a matsayin rashin ta ido ba sai a gari na biyu ko na uku. Manoma ne, yawancinsu ba su taɓa ganin Bur Sa'id ba, ba su da rediyo. Da Samira ta durƙusa a kan masuncin da ya faɗi tana girgiza shi, filin ya yi tsit. Ashe yayanta na can cikin Bur Sa'id, ba ta san halin da yake ciki ba, kuma kullum shi take girgizawa. Ana gamawa na ga wata tsohuwa ta cire mayafin jikinta, cikin sanyin nan, ta ɗora a bayan lori. Maza suka kawo barguna da buhunan shinkafa. Samari suka yi layi za su bi motar asibiti su ba da jini. Takardun da gwamnati ke mannawa a bango ba su taɓa sa kowa ya cire mayafinsa ba.

A garuruwan da aka ajiye 'yan gudun hijira kuwa, Ustaz Hilmi ya ƙara wa wasan wani yanki a ƙarshe. Matar masunci takan miƙe ta kira sunan 'yarta da ta ɓace. Sai ta juyo ta ce wa jama'a, duk wanda ya rasa wani ya hawo ya kira. Mutane su yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci sai ka ji an amsa daga can baya, ko wani ya ce ya ga wane a gari kaza. Na ga uwa da ɗa sun haɗu haka, filin ya ɗauki guɗa. Sau da yawa kuma shiru ne ke biyo baya, mai kira ya sauko, na bayansa ya hau.

Ustaz ya ce in hau. Na ce ba zan iya ba.

"Tsoron jama'a kike ji?"

Na ce a'a, sunan ne ba na faɗa.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Mijinki ne ko ba mijinki ba?"

"Mijina ne. Shi ya sa."

Ya dubi Inna Gambo, ta gyaɗa masa kai. Ya yi tari, ya ce shi dai ya karanta littattafai da yawa amma bai taɓa cin karo da wannan ba. Samira ta ce ita za ta kira mini. Na rubuta mata, ta hau ta kira a garuruwa da dama. Kowane lokaci sai maza uku ko huɗu su miƙe, duk sunansu ke nan, babu nawa a ciki.

Wata rana muna bayan lori tana tsefe gashi ta ce, "Asabe, muryata irin ta kowace Bamasariya ce. Ko yana wurin zai ɗauka wani ake nema. Taki ya sani."

Na kai ƙara wurin Inna, ina jiran ta goya mini baya. Ta ci gaba da juya shayi.

"Ni har nawa ya mutu ban taɓa kama sunansa ba," in ji ta. "Na zauna a kansa a cikin rairayi ina cewa kai, kai, tashi. Yanzu shekarun nan duka ina so in ji yadda sunan zai zauna a bakina, na kasa. Hau ki kira, 'yar nan. Ni zan toshe kunnuwana, babu ɗan gida da zai ji."

Garin da na fara hawa yana kusa da tafkin, iska tana ɗauke da ƙarnin kifi. A filin wata makaranta aka yi wasan. An mayar da azuzuwan asibiti, aka buɗe tagogi don masu rauni su ji daga kwance. Da aka zo wurin kira, Samira ta miƙo mini hannu ta jawo ni sama. Na hango Inna a gindin lori, ta sa yatsu a kunne ta sunkuyar da kai.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Wani daga cikin jama'a ya ce, "Kira, 'yar'uwa, muna ji." Sai na rufe ido na kira. Na kira sunansa na yanka, da na mahaifinsa, na ce na Ba'awa, na ƙasar Kiru. Sau uku. Muryar da ta fito ban san ta ba, ta fi tawa kauri, ta bugi bangon makarantar ta dawo mini. Na ji kamar na tuɓe zane a tsakiyar kasuwa.

Na jira. Tagogin nan a buɗe, baƙi ƙirin daga ciki. Wani jariri ya yi kuka. Babu wanda ya amsa.

Rana ta yi ƙasa, direba yana ta hon saboda dokar fitila. Ban shiga azuzuwan ba. Me zai kai ni, tunda duk wanda ke ciki ya ji? Muka tafi.

Na ci gaba da hawa a garuruwan gaba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda sunan ya riƙa sauƙi a bakina, kamar sunan wanda ba shi da sauran haƙƙi a kaina. Na daina cin abinci sosai. Fu'ad ya daina tsokanata.

Direbanmu yakan koma da barguna garuruwan da muka baro. Wata rana da hantsi ya dawo, yana shan shayin Inna yana ba samari labari suna dariya. Larabcinsa na da sauri, kalma ɗaya-ɗaya nake tsinta. Sai na ga Samira ta ajiye kofinta.

"Me ya ce?"

Ta ce wai a makarantar nan ta bakin tafki akwai wani baƙin mutum, sun ɗauka ɗan Sudan ne, wuta ta cinye masa idanu. Tun ranar da muka yi wasa ya daina cin abinci. Ya juya fuska bango yana ta karatu. Ya gaya wa nas cewa an kira shi da muryar matarsa, kuma matarsa ta mutu, saboda haka a bar shi ya shirya.

Inna Gambo ta saki ludayi. "La'ilaha illallahu! Ai ba zai amsa ba. Bai ga mai kiran ba! Ni tsohuwar banza, ni na sa ki, kuma na manta."

Ustaz Hilmi bai fahimci komai ba, amma da ya dubi fuskata sai ya ce wa direba ya ajiye shayin ya tayar da mota. Ranar ba a yi wasa ba.

A hanya Inna ta riƙe ni tana ta nanata magana ɗaya. "Kada ki kira shi. Ko me ya faru kada ki kira shi. Yi abin da kike yi a gida."

Nas ɗin ta gaya mana sauran labarin a bakin ƙofa. An kawo shi a kwale-kwale ba ya cikin hayyacinsa, babu takarda a jikinsa. Da zazzaɓi ya sake shi ya roƙi wani ɗan agaji mai zuwa Alƙahira ya duba masa matarsa. Mai gidan hayarmu ya ce wa ɗan agajin bai san wata mace mai wannan kama ba, wataƙila tana cikin waɗanda bom ya ritsa da su. Da wannan aka dawo wa Malam.

Ajin yana warin magani da ƙuna. Har yanzu akwai lissafin yara a jikin allo. Yana can ƙarshe a kan katifa a ƙasa, ya juya wa ƙofa baya, an naɗe masa kai da bandeji har zuwa hanci. Ya rame har sai da na dubi ƙafafunsa kafin na tabbata. Leɓunansa suna motsi.

Na cire takalma. Na karɓi kofin ruwa a hannun nas, na je na durƙusa a gefensa kamar yadda nake yi in ya dawo daga masallaci, na ajiye kofin a hankali yadda zai ji ƙararsa.

"Malam, ga ruwa."

Karatun ya tsaya. Bai juyo ba. Na ga jijiyar wuyansa tana bugawa.

"Sannu da jiki, Malam."

Sai ya ce da wata murya a bushe, fuskarsa na bango, "Na ji ki rannan. Ban amsa ba, yau ma ba zan amsa ba. Ki koma inda kika fito, don girman Allah."

"Ni ce, Malam. Asabe ce. Ban mutu ba, korata aka yi daga gidan. Ga Inna Gambo nan a bakin ƙofa."

"In ke ce," in ji shi, "faɗi sunana."

Sunan da na yi ta shelarsa a bayan lori gari bayan gari, a gaban dubban baƙi. Yana nan a kan harshena. Amma ga shi kwance a gabana, ina jin numfashinsa, kunya ta sauko mini kamar ranar da aka kai ni ɗakinsa. Na sunkuyar da kai. Na kasa. Na ji hawaye suna ɗiga a bayan hannuna.

Sai ya juyo a hankali, ya miƙo hannu yana lalube, ya taɓa kofin, ya taɓa gwiwata, ya kama wuyan hannuna daidai inda ya riƙe a sahara.

"Asabe," ya ce. "'Yar boko."

Ya shanye ruwan duka. Daga bakin ƙofa na ji Inna tana faɗa wa nas da Larabcinta na talla a kawo masa abinci mai ruwa-ruwa, kada a cika gishiri.

Idanun ba su dawo ba. Hausawan Alƙahira suka haɗa mana guzuri, 'yan wasan suka raka mu tasha, Fu'ad ya ba Malam rigar sanyinsa. Samira ba ta samu yayanta ba har muka taho. Na roƙi Inna Gambo ta biyo mu, ta ce wa ya san ta a Bebeji yanzu, kuma wa zai yi wa 'yan gida tallar gyaɗa in sun zo.

A jirgin ruwan da ya ɗauko mu zuwa Halfa ta bakin iyakar Sudan na gaya masa komai, lorin, da wasan, da yadda na hau na kira. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Ke ba ki taɓa ba. Ai na gwada ki, kin kasa."

"Wallahi ni ce, Malam."

"Kada ki yi rantsuwa a kan abin da ba ki sani ba. Na san muryarki. Waccan ta yi kama da taki, amma ba taki ba ce."

Ban sake tayar da maganar ba. Ni ma da na tsaya a bayan lorin nan na ji muryar, kuma ban san ta ba.

Yanzu muna Ba'awa. Malam yana karantarwa da ka a zaure, manya ma suna zuwa ɗaukar karatu. Ni ina koyar da matan aure karatu da ɗinki a cikin gida. Kwanan baya wani malamin makaranta daga Tudun Wada ya aiko, ya ji na yi aiki da 'yan wasa a Masar, wai in taimaka wa ɗalibansa su shirya wasan tsabta. Na ce a ba ni lokaci. Na san amfanin abin, na gani da idona. Amma ko kwanon rufi iska ta kaɗa sai na nemi abin dafawa.

A cikin gidan babu mai kama sunansa. Ni matarsa ce, shi kuma ɗan fari ne, mahaifiyarsa "wannan" take ce masa. Sai dai abokan ƙuruciyarsa da dattawan gari, in sun zo sukan yi sallama daga waje su kira shi da sunansa na yanka. Duk abin da yake yi sai ya tsaya. Ko loma ce a hannunsa sai ta tsaya a hanya. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin motsina.

"Asabe, kin ga mai kiran?"

Sai in ajiye abin da ke hannuna, in yafa mayafi, in je in leƙa ta zaure. In dawo in ce, "Na gan shi, Malam. Mutum ne, ga inuwarsa a ƙasa."

Sannan ya ce, "Na'am."